Ranar Da Na Riƙe Wa 'Yar Farina Igiya

Matar mai gadin benenmu a unguwar Madinat Nasr ta daɗe tana zaton kunnena ɗaya ba ya aiki. Takan tsaya a gindin bene ta ɗaga murya ta kira ni Ummu wance, ta ambaci sunan 'yar farina gatsal, duk layin yana ji, ni kuwa ina baranda da shanya a hannu sai in yi kamar da wata take. A wurin Misirawa girmamawa ce a kira mace da sunan abin da ta fara haifa. Ni kuma a gidan da na tashi, kakata har ta koma ga Allah ba a taɓa jin sunan mahaifina a bakinta ba, don shi ne ɗanta na fari. Saboda haka duk sanda matar nan ta ƙwala kiran, kunya ce take rufe ni har tafin ƙafa. Daga baya dole na koyi amsawa, don ita ke sanar da ni zuwan mai sayar da gas, in na yi shiru wucewa yake yi, mu kwana ba girki.

Karatu ne ya kawo Malam, maigidana, Alƙahira, ni kuma na biyo shi. Cewa muka yi 'yan shekaru ne mu koma, ga shi har furfura ta same mu a nan. Shi yana raka marasa lafiya da ke zuwa daga gida asibiti, yana yi musu tafinta. Ni ina tuƙa wa ɗalibai tuwo, ranar Juma'a in yi dambu da fura. Ba mu tara komai ba, amma alhamdu lillahi ba mu taɓa rasa na cefane ba, kuma gidan kullum cike yake da hayaniya, abin da nake so ke nan.

Yarinyar nan sunan surukata ta ci. To kun ga abin ya zama biyu: ni ba na faɗa don 'yar fari ce, uban ba ya faɗa don sunan mahaifiyarsa ne, Mamana yake ce mata. Ƙannenta Yaya suke cewa. Ni kuwa "ke" ya ishe ni, in ba ta kusa in ce da yaran ina yayarku. Akwai ranar da na kai ta asibiti tana zazzaɓi, likita ya tambaye ni sunanta, na waiga na ce da ƙaninta ya faɗa masa. Likitan ya ajiye biro ya dube ni, ya tambaya ko ni ce uwar. A hanyar dawowa, tana kwance a kafaɗata cikin mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, ta ce, "Umma, kin manta sunana ne?" Na ce ta yi shiru ta yi barci, haka ake yi a wurinmu.

Sai dai ita ba a wurinmu ta tashi ba. A nan ta tashi, inda uwa za ta rungume ƙatuwar budurwa a ƙofar makaranta tana sumbatarta tana kiran sunanta kamar yau ta haife ta. Ni kuma wuni nake ina kiran ƙannenta da sunayensu, wane sauko daga nan, wance kawo mini gishiri. Tun tana tambaya har ta daina, kuma dainawar ta fi tambayar damuna. Wata rana na ji ta tana faɗa wa ƙanwarta, ba da fushi ba, wai ai Umma ta fi son ƙanana, ita an haife ta ne kawai don ta buɗe hanya. Lokacin tana shekarar ƙarshe a sakandare, ana ta maganar inda za ta tafi karatu. Tsorona ɗaya ne, kada yarinyar nan ta bar gidana da wannan zaton a ranta. Kuma ban san yadda zan cire mata shi ba, don bakina ba a yi shi da irin wannan magana ba.

Katun ɗin Japan da take kallo tun tana ƙarama shi ya ja ta ga koyon Japananci. Duk Asabar takan je wani aji a unguwar Ma'adi, wurin wata malama Bajapaniya da ke auren Bamisire, 'yar siririyar dattijuwa mai furfura, wadda Larabcinta na kasuwa ya fi nawa daɗi. A shekarar nan malamar ta ce ɗalibanta za su yi wasan kwaikwayo, ita ta rubuta shi da kanta, kuma 'yata aka ba babban matsayi. Malam ya ce bai hana ba, amma da sharaɗi, duk ranar gwaji ƙafata ƙafarta. Na yi mita iya mita, na ce wa zai tuƙa wa ɗalibai tuwo. Ƙarshe dai ni ce a mikrobas, ni ce a metro, jirgin ƙasan cikin gari, da jakar ɗinkina a hammata.

Ranar farko malamar ta zaunar da mu a ƙasa ta ba mu labarin wasan. Ta ce a zamanin kakanninta samarin ƙauyukan masunta na Japan sukan hau jirgi su tafi wani gari mai jar ƙasa a bakin tekun Ostireliya, su yi aikin nutso. Abin da suke tsintowa a ƙasan teku wata babbar ƙumba ce da ake yin maɓallan riga da ita, in an yi sa'a a sami lu'ulu'u a ciki. Ana saka wa mutum riga mai kauri da takalma masu nauyi, a kifa masa hular jan ƙarfe a ɗaure, a zura shi cikin ruwa da tiyon iska da igiya a ƙugu. Ƙanin kakan malamar yana cikinsu. Da zai tafi ya ce wa uwarsa 'yan shekaru zai yi ya dawo ya gina mata ɗaki. A can aka binne shi. Malamar ta ce ta je garin da ƙafarta, ta tarar da maƙabartarsu, duwatsu a jere, wasu iskar teku ta cinye rubutun har ba a gane sunan mai kabarin.

Ni da na zo da niyyar gyangyaɗi, sai ga ni na ajiye allura. Wannan 'yan shekarun ai na san shi, da shi na yi sallama da tawa uwar. Ban taɓa tunanin Japanawa ma sun yi ci-rani ba, na ɗauka tun fil'azal a cikin mota da rediyo aka haife su.

'Yata ita ce mai nutson. Rigar ni na ɗinka ta da tamfol, har na karya allurai. Hular ce ta gagara. Sun yi ta kwali, zufa ta jiƙa ta ta lotse. Sun gwada tukunya, yarinya ta ce wuyanta zai karye. Ina zaune ina kallonsu suna ta shawara, sai na tuna masakina, babbar ƙwaryar da mahaifiyata ta ba ni da zan taho, wadda nake dama furar Juma'a a ciki. Na kwana ina juya abin. Da safe na ɗora wuƙa a wuta na huda masa taga a gaba, Malam yana tsaye yana salati, yana tambayata ko lafiyata ƙalau. Muka shafe shi da fenti ruwan jan ƙarfe, muka liƙa farar roba a tagar. Da malamar ta gani sai da ta riƙe baki. 'Yata ta juya shi ta sake juyawa, ta ce ashe dai masakin yana taɓuwa, don tun suna yara duka nake yi wa wanda ya kusance shi.

To amma masaki ya zo da tasa matsalar. In ta kifa shi, gabanta kawai take gani, shi ma dishi-dishi, kuma magana sai an ɗaga murya take ji. Ga dandamalin yana da tsawo, ya kai ƙirjina, ƙasansa kuma tayil ne. A wurin da take tafiya a ƙarƙashin teku ana rage fitilu sai shuɗi kaɗan. Akwai wani saurayi Basudane da ke fitowa a matsayin mai riƙon igiya a cikin jirgi, amma tasa igiyar ta ado ce. Sai malamar ta ce za a ɗaura wata ta gaske a bayan ƙugunta, ta bi ƙasa ta shiga bayan labule, wani ya riƙe. In ta kusa baki a ja sau ɗaya, ta tsaya. In an ja sau biyu, ana nufin ina nan, komai lafiya, ita ma ta mayar da biyu.

Malamar ta ce a can garin, mai nutso shi yake zaɓen wanda zai riƙe masa igiya, ba a zaɓa masa, kuma yawanci ɗan'uwansa yake ɗauka ko ɗan ƙauyensu. Ta tambayi 'yata wa ta zaɓa. Ga ƙawayenta nan a tsaye kowa na ɗaga hannu. Yarinyar nan ta cire masaki, ta share zufa, ta nuna ni da haɓa, ta faɗa da Larabci yadda kowa zai ji: "Umma. Ita kaɗai ce za ta iya wuni tare da ni ba ta ce mini komai ba."

Aka yi dariya, ni ma na yi, na ce Allah ya shirye ki. Amma maganar ta shige ni, har muka isa gida ina jin ta.

Haka na zama mai riƙon igiya. Na ɗauka wasa ne, ashe aiki ne. Malamar ta tsaya a kaina ta koya mini: kada igiya ta yi sako-sako, kada kuma ta yi tauri har ta hana mutum tafiya, a bar ta tana gudu a tsakanin yatsu. Ta ce babban abin da ake gudu ga mai riƙo shi ne firgita, don in ya ji tsoro ya fizgo mutum sama da gaggawa daga ruwa mai zurfi, jikinsa shanyewa yake yi, wani ma ya mutu. Dole a hankali ake ɗago shi, ana tsayawa, ko da zuciyar mai riƙon tana tafasa. Na ce mata in dai danne zuciya ne, ta kwantar da hankalinta, ta samu gwana.

Makonnin nan na ji daɗinsu ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Ina zaune a kan kujerar roba a bayan labule, ba na ganinta sosai, amma igiya tana faɗa mini komai. Na san lokacin da ta gaji. Na san lokacin da ta manta abin da za ta yi, don sai igiyar ta ɗan yi rawa. Na gane tana jingina nauyinta a ƙafar hagu in tana tunani, daidai yadda mai sunanta take yi. Wani lokaci ba dalili sai in ji an ja sau biyu, ni ma in mayar. In an tashi mukan sayi gasasshen dankali a bakin tashar metro, mu ci a tsaye muna hura yatsu, tana kwaikwayon yadda Basudanen nan yake kuka a wasan har in ƙware don dariya. Rabon da mu yi tafiya mu biyu kawai, ba goyo ba jaye-jaye, tun kafin a haifi mai bi mata.

Ranar wasan bayan la'asar aka fara. Ɗakin wasan ba babba ba ne, amma ya cika. Ga iyayen yara, ga Japanawan Ma'adi sun zauna tsaf, ga ɗaliban da nake tuƙa wa tuwo sun kama layin baya suna surutu. Malam ya zo da ƙannenta. Matar mai gadi ma ta biyo su da sabuwar abaya. Ga kuma Hajiya, wata dattijuwar 'yar kasuwa daga Damagaram, wadda ita ce uwarmu mu matan Hausawa a unguwar, ba a suna ba a biki sai da ita.

Komai ya tafi daidai. An yi sallama da uwa a ƙauye, an sauka a baƙon gari, an yi faɗa da mai jirgi a kan abinci, mutane suna dariya inda ya kamata. Sai aka zo wurin nutso. Fitilu suka koma shuɗi, yara suka turo jirgin katako zuwa tsakiya, 'yata ta fara takawa a hankali cikin rigar tamfol, tana duƙawa tana tsintar ƙumba. Igiya tana gudu a yatsuna yadda ta saba. Can sai na ji ta tsaya cak, alhali ina hango yarinya tana ci gaba da tafiya. Na ja sau ɗaya. Babu kowa a ƙarshenta, kamar na ja ƙofar da aka kulle. Ashe yaran sun turo jirgin ya wuce inda aka saba, ƙafarsa ta danne igiyar, kuma akwai sauran tsawo a wancan ɓangaren da zai kai ta har baki.

Na leƙa ta gefen labule. Robar tagar ta yi fari fat da tururin numfashinta, ba ta ganin komai. Tafiya take da gaba gaɗi, don ta san in ta kusa baki Umma za ta ja. Na sake ja da ƙarfi, jirgi ko motsi. In ruga, ba zan isa ba. In ce "ke", mata nawa ne a kan dandamalin nan. Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Bakina ne ya buɗe, sunan ya fita, cikakkensa, da irin muryar da nake kiran yara daga hawa na huɗu.

Ta tsaya. Yatsun takalminta suna leƙen bakin dandamali. Ɗakin ya yi tsit, har ina jin ƙarar fanka. Ta daɗe a tsaye a haka, sannan ta ɗago kai a hankali ta juya masakin wajen da muryar ta fito. Basudanen, Allah ya yi masa albarka, ya gane abin da ya faru, ya duƙa kamar yana duba ruwa ya ɗaga ƙafar jirgin. Igiya ta dawo da rai a hannuna. Na ja sau biyu. Aka mayar mini da biyu. Daga nan na jawo ta baya a hankali, yadda aka koya mini, wasa ya ci gaba har ƙarshe.

Misirawa da Japanawa sun ɗauka cikin wasan ne, wai uwar mai nutso ce take kiransa daga ƙauye, muryarta ta ratso teku. Wata mata har da share hawaye. Malamar ta zo ta kama hannuwana biyu tana ba ni haƙuri a kan jirgin, sannan ta ce wannan kiran ya fi duk abin da ta rubuta, ko zan yarda a bar shi a ciki in za a sake yi. Na ce mata ma'alish, ta yi haƙuri, wannan sau ɗaya ake yin sa.

Mutanenmu kuwa sun san abin da suka ji. Ɗaliban layin baya suka kasa haɗa ido da ni. Hajiya ta tako da sandarta ta tsaya a gabana tana kallona sama da ƙasa, ta ce yau kam ta ga abin da Masar ta yi wa 'yar mutane, sannan ta matse mini hannu ta ce ko ita ce haka za ta yi. Matar mai gadi ta daki ƙirji ta ce ashe na san sunan, shekara da shekaru ina wahalar da ita. Malam kuwa da ya ji sunan mahaifiyarsa a bakina a gaban jama'a, ya sunkuyar da kai yana murmushi, yana ta gyara hular da ba ta karkace ba. Ya kwashi ƙananan suka yi gaba a tasi, ya ce mu taho a hankali.

Muka shiga taragon mata a metro, muka sami wuri a kusurwa. Masakin yana kan cinyarta, fentin ya ɓata mata hijabi. Ni ina kallon taga, kunya ta hana ni sakat, kamar ni ce 'yar ita ce uwar.

"Umma," ta ce, "an ce wai kin kira ni."

Na ce haka na ji ana faɗa.

"Ni fa ban ji da kyau ba. Kin san masakin nan toshe kunne yake. Ki sake faɗa."

"In ba ki ji ba, me ya tsayar da ke?"

Ta kifa fuska a kan masakin tana dariya, kafaɗunta suna rawa. Na ce khalas, ya isa haka, kada ta sake tayar mini da maganar, kuma in ta kuskura ta faɗa wa kakarta a waya sai na saɓa mata. Dariyar ta ɗan daɗe, sannan na lura ta canja. Da ta ɗago, idanunta sun yi ja, fenti ya shafe mata goshi.

"Malamai sun kira shi, ƙawaye sun kira shi, har mai kanti," ta ce a hankali. "Kullum ina so in ji yadda yake a bakinki. Ashe haka yake."

Ga mata cike da tarago, wata tana sayar da safa a kanmu. Na miƙa hannu ta ƙasan masakin inda ba mai gani, na kama bakin hijabinta na ja sau biyu. Ba ta dube ni ba. Ta lalubo gefen mayafina ta mayar mini da biyu, kuma ba ta saki ba har muka iso tashar da za mu sauka.